Kafin a Raɗa Suna, a Dubi Zane: Matsalar Koyar da Gwargwado a Lissafin Hausa

Gabatarwa

A cikin darussan lissafi na ƙarshen firamare da ƙaramar sakandare akwai wanda malamai da ɗalibai suke ɗauka mai sauƙi ne, wato darasin gwargwado. Darasi ne da ke bayanin yadda adadi biyu suke sauyawa tare, kamar yawan kaya da kuɗinsu, ko yawan ma'aikata da kwanakin aiki. Iri biyu ne. Malamin da ya ga ɗalibansa sun yi shiru yakan juya zuwa Hausa domin ya sauƙaƙa musu, ya ce: na farko shi ne idan wannan ya ƙaru wancan ma ya ƙaru, na biyu kuma idan wannan ya ƙaru wancan ya ragu. Idan ana neman suna, akan ɗauko kalmomin Ingilishi a juya su ɗaya bayan ɗaya, a ce daidaito na kai tsaye da daidaito na kishiya.

Ra'ayin wannan maƙala shi ne, wannan bayani da waɗannan sunaye suna koya wa yaro rabin gaskiya, kuma rabin da suka bari shi ne lissafin. Kuskuren bai keɓanta da Hausa ba, domin ana jin irinsa a azuzuwan da ake koyarwa da wasu harsuna. Sai dai Hausa tana matakin da ake zaɓar mata keɓaɓɓun kalmomi, kuma abin da aka rubuta a ƙamus a yau shi za a karantar shekaru masu yawa. Hanyar gano kuskuren a fili take: a zana alaƙar a giraf, a dubi siffar da ta fito, sannan a nemi kalmar da ta dace da siffar.

Iri na farko da abin da zane ke nunawa

A ɗauka mudun gero naira 1,500 ne. Mudu 2 zai kama naira 3,000, mudu 4 naira 6,000, mudu 10 naira 15,000. Idan aka ja layin kwance aka jera yawan mudu a kansa, aka ja layin tsaye aka jera kuɗi, aka ɗiga kowane mudu daura da kuɗinsa, ɗigogin za su jeru a kan miƙaƙƙen layi. Layin kuma zai taso ne daga mafari, wato inda layin kwance da na tsaye suka haɗu a kan sifili, domin wanda bai auni ko mudu ɗaya ba babu abin da zai biya. Waɗannan sharuɗɗa biyu, miƙewa da tasowa daga mafari, su ne shaidar iri na farko. A lissafe ana rubuta shi y = kx, inda k take kafaffiyar lamba. A wannan misali k ita ce 1,500, kuma duk kuɗin da aka raba da yawan mudunsa ita zai bayar.

Yanzu a gwada bayanin nan na "wannan ya ƙaru, wancan ya ƙaru" a kan wani misali. Mai motar dako ya ce sai an ba shi naira 2,000 kafin ya tayar da mota, sannan naira 500 a kan kowane buhu. Buhu 2 naira 3,000 ne, buhu 4 naira 4,000, buhu 8 naira 6,000. Buhuna suna ƙaruwa, kuɗi ma yana ƙaruwa, kuma layin da za a samu miƙaƙƙe ne. Amma ya faro ne daga 2,000 a kan layin tsaye, bai bi ta mafari ba. An ninka buhuna daga 2 zuwa 4, kuɗi bai ninka ba. Ɗalibin da ya riƙe bayanin malaminsa zai ce buhu 4 naira 6,000 ne, kuma bai saɓa wa abin da aka koya masa ba.

Haka abin yake ga fili mai kusurwa huɗu daidai wa daida. Idan gefensa mita 10 ne, faɗin filin murabba'in mita 100 ne. Gefe mita 20 yana ba da 400, gefe mita 30 yana ba da 900. Layin ya taso daga mafari, amma ya lanƙwashe sama. Sharaɗi ɗaya ya cika, ɗaya bai cika ba.

Akwai misalin da duk wanda ya yi karatun fiƙihu ya sani, wato zakkar zinariya. Ana fitar da ɗaya cikin arba'in: miskali 20 rabin miskali, 40 miskali ɗaya, 80 miskali biyu. Daga nisabi zuwa sama ɗigogin suna kan miƙaƙƙen layin da zai kai mafari idan aka ja shi baya. Amma ƙasa da miskali 20 babu zakka, saboda haka zanen yana kwance a kan sifili har ya kai nisabi, sannan ya yi tsalle ya hau layin. Wannan na nuna cewa alaƙa tana iya bin ƙa'idar gwargwado a wani yanki kawai, kuma zane ne yake fito da iyakar a sarari.

Iri na biyu

A ɗauka gona ce da mutum ɗaya zai nome cikin kwana 24. Idan aka yi gayya, mutum 2 za su gama cikin kwana 12, mutum 3 kwana 8, mutum 4 kwana 6, mutum 6 kwana 4, mutum 8 kwana 3, mutum 12 kwana 2. Duk inda aka ninka yawan mutane da yawan kwanaki 24 ake samu, shi ya sa ake rubuta shi xy = k. Zanensa lanƙwasasshen layi ne da ke gangarowa da sauri daga sama, sannan ya riƙa kwantawa sannu a hankali. Yana ta kusantar layin kwance amma ba ya taɓa shi, domin komai yawan 'yan gayya aikin zai ci lokaci ko da kaɗan ne. Ba ya taɓa layin tsaye ma, domin idan babu kowa a gona babu ranar gamawa.

A kwatanta wannan da buhun shinkafa mai kilo 50 a gidan da ake dafa kilo 2 kullum. Bayan kwana 5 saura kilo 40, bayan kwana 10 saura 30, a kwana na 25 buhu ya ƙare. Kwanaki suna ƙaruwa, shinkafa tana raguwa, kamar yadda bayanin malami ya ce. Amma 5 sau 40 ya ba da 200, 10 sau 30 ya ba da 300. Babu kafaffiyar lamba. Zanen miƙaƙƙen layi ne da ya gangaro ya dira a kan layin kwance. Wannan ragi ne na yau da kullum, ba shi da dangantaka da iri na biyu, alhali jumlar "wannan ya ƙaru, wancan ya ragu" ta haɗa su a kwando ɗaya.

A nan ya kamata a ja hankalin masu rubuta littattafai kan wani kuskuren zane. Ɗalibi yakan kwafo lambobin jadawali, 2, 3, 4, 6, 8, 12, ya jera su a layin kwance da tazara iri ɗaya, ya yi haka a layin tsaye. Idan ya ɗiga misalin gayya a kan irin wannan jeri, miƙaƙƙen layi zai samu, lanƙwasar ta ɓace gaba ɗaya. Don haka dole ne bayanin Hausa ya faɗi cewa tazarar da ke tsakanin 2 da 3 ita ce tsakanin 3 da 4, kuma tsakanin 8 da 12 akwai irinta huɗu. Wannan ma dalili ne na bambanta jadawali da giraf a Hausa, maimakon a kira su da suna ɗaya kamar yadda wasu suke yi. Jadawali jerin lambobi ne a gidaje, giraf kuwa kowane ɗigo a cikinsa yana da mazauni gwargwadon ƙimarsa.

Me ya sa bambancin ya kai a damu da shi?

Wani zai ce wannan gardamar aji ce. To a dubi tafiyar kilomita 240, wadda ta ɗan ɗara tazarar Kano zuwa Kaduna. Direban da ke gudun kilomita 40 a awa zai yi awa 6. Idan ya ƙara 20, ya koma 60, zai yi awa 4, ya rage awa biyu cur. Amma wanda ya tashi daga 80 zuwa 100 minti 36 kawai ya rage, wanda ya tashi daga 100 zuwa 120 kuma minti 24. Ƙarin gudun iri ɗaya ne a duka ukun, ribar lokacin ce take ta ƙanƙancewa yayin da hatsari yake ƙaruwa. Wannan shi ne ma'anar kwanciyar da layin yake yi a ƙarshensa. Wanda aka koya wa cewa gudu ya ƙaru lokaci ya ragu, ba tare da ya ga lanƙwasar ba, zai zaci kowane ƙarin gudu yana biya daidai da na baya.

Haka kuma a maganar tsadar kaya. Mai naira 10,000 zai auni mudu 5 idan mudu 2,000 ne. Idan ya koma 2,500, farashi ya hau da kashi 25 cikin ɗari, amma abin da zai auna ya koma mudu 4, wato ya sauka da kashi 20 cikin ɗari. Idan farashi ya hau da kashi 100 cikin ɗari, abin da kuɗin zai saya ya koma rabi, bai koma sifili ba. Mai fassara labarin tattalin arziki da bai riƙe wannan ba zai iya sanar da miliyoyin masu sauraro abin da ba haka yake ba.

A kimiyya ma haka ne. Dokar da Robat Boyil ya wallafa a 1662 ta nuna cewa idan zafi bai sauya ba, matsin iskar da aka kulle da girman wurin da ta cika suna bin iri na biyu: a ninka matsi sau biyu, wurin ya koma rabi. Ɗalibin da bai fahimci misalin gayya ba zai haddace wannan doka ne kawai.

Abin da Hausa take da shi

Tushen matsalar a nahawu yake, kuma a nan ne masana Hausa suke da abin faɗa. Aikatau "ƙaru" da "ragu" suna nuna alkibla ne kawai, sama ko ƙasa. Ba su faɗin da nawa, kuma sun fi karkata ga tarawa da ɗebewa. Gwargwado kuwa magana ce ta ninkawa da rabawa. Hausa tana da aikatau "ninka", tana kuma da jerin sunayen kaso da ta aro daga Larabci tun da daɗewa: sulusi, rubu'i, humusi, sudusi, har zuwa ushiri, ga kuma nata "rabi". Da waɗannan ana iya faɗin ƙa'idojin biyu ba tare da gurbi ba. Iri na farko: idan aka ninka wannan sau uku, wancan ma ya ninku sau uku. Iri na biyu: idan aka ninka wannan sau uku, wancan ya koma sulusi. Ninki biyu abokin rabi ne, ninki huɗu abokin rubu'i. Waɗannan jumloli sun kori misalin dako da na buhun shinkafa tun daga bakin ƙofa, abin da bayanin farko ya kasa yi.

Kalmar "gwargwado" ita ma ta gida ce, kuma ta fi "daidaito" dacewa, domin daidaito yana nufin abu biyu su zama ɗaya, kuma ana bukatarsa a wani wuri a lissafi, inda ake cewa wannan daidai yake da wancan. Tunanin auna abu da abu yana nan a karin magana irin su "daidai ruwa, daidai tsaki" da "iya kuɗinka, iya shagalinka". Mai dama kunu da ta ninka ruwa ta san sai ta ninka gari.

"Kai tsaye" kuwa a Hausa yana nufin ba tare da ratse ko ɗan aike ba, kamar shirin rediyo da ake watsawa a lokacin da ake yin sa. Babu abin da yake faɗa wa yaro game da ninki. Yana ma iya sa shi ya zaci duk miƙaƙƙen layi ya shiga ciki. "Kishiya" tana nuna gaba da juna, wato alkibla, ta sake mayar da ɗalibi ga "ya ƙaru, ya ragu".

Shawarar da ake bayarwa a nan ita ce a kira iri na farko "ninkin tare", na biyu kuma "ninkin akasi", duka a ƙarƙashin babin gwargwado. Sunan farko yana cewa adadin biyu suna ninkuwa tare. Na biyu yana cewa abin da ya sami ɗaya, akasinsa ne ya sami ɗayan, kuma akasin ninkawa rabawa ne. Kalmar "akasi" sananniya ce ga Bahaushe, kuma daga tushenta ne Larabci ya samo sunan da yake kiran wannan iri na biyu, don haka ɗaliban makarantun Islamiyya ba za su ji ta baƙuwa ba.

Wannan lissafi ma ba baƙo ba ne ga al'adar karatun da ta zo da waɗancan kalmomi. Littafin aljabra na Alkawarizmi, wanda ya rubuta a Bagadaza wajen shekara ta 820, yana da babi a kan mu'amaloli, inda ya nuna cewa ciniki da haya da makamantansu suna tsayuwa a kan lambobi huɗu, uku sanannu, ɗaya ake nema. Abin da ya zo daga baya shi ne zanen, bayan Rene Dekat ya haɗa aljabra da ilimin siffofi a littafinsa na 1637. Ke nan ɓangaren da Hausa ta fi bukatar sababbin kalmomi shi ne na zane: layin kwance, layin tsaye, mafari, tazara, lanƙwasa.

Hujjojin da za a iya kawowa

Hujja ta farko ita ce "ninka" kanta tana da harshen damo. Asalinta naɗe abu ne, kuma takardar da aka ninka sau biyu fuska huɗu take bayarwa. Wasu kuma idan suka ce kuɗi ya ninka, ba tare da lamba ba, sau biyu suke nufi. Wannan gaskiya ne. Amma kowane harshe yakan ɗauki kalmar yau da kullum ya taƙaita ma'anarta a fagen ilimi. Abin da ake bukata shi ne a rubuta a farkon littafi cewa "ninki uku" na nufin sau uku, a tsaya a kai. Gyara kalmar da ke kan hanya ya fi sauƙi a kan riƙe wadda ta bar hanya tun farko.

Hujja ta biyu ita ce jarrabawa da Ingilishi ake yin ta, saboda haka gara a ari kalmomin Ingilishi yadda suke. Aro ba laifi ba ne, ga "giraf" nan an ara. Sai dai ararriyar kalma lakabi ce kawai ga yaron da bai san tushenta ba, kuma malami zai koma ga Hausa don ya yi bayaninta. Idan bayanin gurgu ne, aron bai tsinana komai ba. Ɗalibin da ya fahimci ninkin akasi da harshensa, koyon sunansa na Ingilishi aikin minti biyar ne.

Hujja ta uku ita ce misalan gida ba sa bin ƙa'ida sosai. Mai sayen buhu yakan sami rangwamen da mai sayen mudu ba ya samu, kuma mutum 240 ba za su nome ƙaramar gona cikin ushirin yini ba, sai dai su tattake ta. Wannan ma gaskiya ne, amma abin koyarwa ne. Ya kamata ɗalibi ya san cewa zanen yana tafiya ne bisa sharaɗi: farashi bai sauya ba, kowa ƙarfinsa ɗaya. Tambayarsa inda sharaɗin zai karye tana cikin darasin.

Nauyin da ke kan masana Hausa

Tun 1977 Manufar Ilimi ta Ƙasa a Nijeriya ta tanadi koyarwa da harshen uwa a farkon firamare. A 2022 Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince a faɗaɗa shi zuwa shekara shida, sannan a watan Nuwamba na 2025 Ministan Ilimi ya sanar da janye wannan mataki, yana kafa hujja da sakamakon jarrabawa. Masu kare harshen uwa sukan amsa da gwajin Ile-Ife da Babs Fafunwa ya jagoranta daga 1970, inda aka koyar da yara da Yarabanci tsawon firamare. Abin da ba a cika ambatawa ba shi ne, wancan gwaji ya haɗa da rubuta littattafai da horar da malamai. Ba fassarar tsaye a gaban allo aka dogara da ita ba. Idan abin da ake kira koyarwa da Hausa shi ne malami ya juya jumlar Ingilishi yadda ta zo bakinsa, to za a ɗora wa harshe laifin da na shiri ne.

An riga an nuna cewa aikin mai yiwuwa ne. Ƙamus na Keɓaɓɓun Kalmomi da Ɗalhatu Muhammad ya tace, wanda ya fito a 1990, ya ba nazarin harshe da adabi kalmomin da ake rubuta kundayen digiri da su har yau. Ya karɓu ne saboda waɗanda suka tsara shi su ne masu koyar da fannin, sun san abin da kowace kalma za ta ɗauka. A lissafi masanin Hausa ba shi da wannan gata shi kaɗai, malamin lissafi ma haka. Dole su zauna tebur ɗaya. Kowace kalma da za a shigar a ba ta abu huɗu: ma'ana, misali, misalin da ya yi kama da ita amma ba ita ba ne, da zane. Sannan a kai ta aji a gwada kafin a buga. A kuma tuntuɓi masana na Jamhuriyar Nijar, inda ɗalibai suke haɗuwa da wannan darasi ta hanyar Faransanci, don kada a wayi gari Katsina da Maraɗi suna kiran abu ɗaya da suna biyu.

Kammalawa

An nuna cewa bayanin "ya ƙaru, ya ragu" yana shigar da misalan da ba na gwargwado ba, kuma zane ne yake tona su: ninkin tare miƙaƙƙen layi ne da ya taso daga mafari, ninkin akasi lanƙwasasshen layi ne da ba ya taɓa layin kwance ko na tsaye. Sunayen biyu da aka kawo shawara ce, ana iya samun waɗanda suka fi su. Ma'aunin da za a auna su da shi ne bai kamata a sassauta ba. A ba ɗalibi misalin gero da na dako, da na gayya da na buhun shinkafa, a ce ya ware su. Kalmar da ta taimake shi ya ware daidai ita ta cancanci shiga ƙamus.